Wanda Muka Kora Daga Aji Shi Ya Karanta Mini Motata

Shekara 19 ke nan ina koyar da kimiyya a kwaleji, kuma akwai wata magana da na faɗa wa yara sau ba adadi: “In ba ka yi karatu ba, a garaji za ka ƙare.” Nakan faɗe ta da sunan jan kunne, amma duk yaron da na taɓa jefa wa ita ya san zagi ne. Na ji abokan aikina suna faɗarta a Madawa, na ji iyaye suna faɗarta a Buza da Keita. Yau na zo in janye tawa a bainar jama'a, in kuma nemi ku janye taku. Abin da ya jawo haka wata ƴar na'ura ce da ba ta kai murfin kwalba biyu girma ba.

Ina da tsohuwar mota ƙirar 2002, cikin waɗanda aka gama hawa a Turai aka sauke a Kwatano. Mahaifiyata tana Keita, kuma duk ƙarshen wata nakan bi ta Buza in kai mata hatsi da magani. Wanda ya san hanyar nan ya san ƙasar Adar ba ta wasa da mota: duwatsu, hawa da gangara, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. A bazarar bara wata fitila ruwan ɗorawa mai hoton injin ta kunnu a gabana. Daga ranar motar ta mutu jiki. Tudun da take hawa da giya uku sai na koma giya biyu, wani lokaci ɗaya. Man da ke kai ni Keita ya rage saura sai ya riƙa ƙarewa kafin in iso.

Garajin farko, maigidan ya kasa kunne, ya ce buji ne. Aka sa sababbi huɗu. Ba abin da ya sauya. Garaji na biyu aka ce famfon mai ya gaji, aka canza shi tare da filta. Motar tana nan yadda take. A na uku ne aka ba ni shawarar da har yau nake jin kunyar na karɓa. Mutumin ya ce, “Mushe, fitilar nan ta Turawa ce, a ƙasarmu duk mota haka take.” Ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta. Na biya shi, na yi godiya. Jimillar abin da na kashe jika 68, daga albashin malamin makaranta mai ƴaƴa biyar, kuma cutar tana nan inda take.

Wata ranar kasuwa a tashar Madawa wani saurayi ya durƙusa ya gaishe ni. Tsohon ɗalibina ne. Ya faɗi BEPC sau biyu, kuma ni da hannuna na taɓa rubuta a takardar sakamakonsa cewa ba shi da kan kimiyya. Mahaifinsa ya tura shi Maraɗi koyon gyaran mota kamar yadda ake tura mai laifi. Da ya ji kukan motar ya leƙa ciki, ya ga salatif, ya yi murmushi bai ce komai ba. Wannan murmushi ya fi mini mari zafi.

Ya ciro wata ƴar na'ura daga aljihu, ya cusa ta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda shekara shida ina tuƙa motar ban san da shi ba. Ya duba wayarsa. Ta rubuta P0325. Ya ce wannan lambar tana nufin layin na'urar da ke jin ƙwanƙwasar injin. Masu sayar da kayan gyara a nan suna kiranta da sunanta na Faransanci, capteur de cliquetis, a tsallaken iyaka kuma nok sansa. Ni dai na raɗa mata suna kunnen injin.

Na ce to mu je mu sayo sabuwa. Ya ce, “A'a Mushe, ku dakata. Lambar ba ta ce kunnen ya mutu ba. Cewa ta yi kwamfuta ba ta jin komai daga wajensa. Tsakanin kunne da ƙwaƙwalwa akwai jijiya, sai mun duba ta tukuna.”

Bari in tsaya nan in bayyana abin da ke faruwa cikin injin, domin hujjata duka a kansa ta tsaya. A injin fetur, fiston yana matse iska da mai, sai buji ya ba da tartsatsi ɗan lokaci kaɗan kafin fiston ya kai ƙololuwa. Wutar tana bazuwa daga bakin buji zuwa gefe cikin tsari, ta tura fiston ƙasa. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba yakan fashe da kansa kafin lokacinsa. Ƙarfin fashewar yana dukan bangon silinda, sai ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wannan ita ce ƙwanƙwasa. Abubuwan da ke kawo ta duk muna da su a nan: mai marar ƙarfin jure matsi, iska mai zafi, hawan tudu da kaya a babbar giya, baƙin dattin da ke taruwa a kan fiston, da injin da ruwansa ba ya sanyaya shi yadda ya kamata. Idan ta daɗe tana faruwa takan karya bakin fiston, ta ƙona gaskit, har ta huda fiston ɗin kansa.

Duniya ta daɗe tana fama da wannan ƙara. A 1921 wani injiniya a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa zuba sinadarin dalma cikin fetur yana kashe ta. Aka yi shekaru da dama ana ƙona dalma a tituna kafin a yarda tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma a farkon 2006, kuma sai a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa an daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya, bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a sa wa injin kunne. A cikin na'urar akwai wani ɗan ƙyallin dutse na musamman wanda in an girgiza shi yake fitar da ƴar wutar lantarki. Ƴan uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano wannan hali a 1880. Ana ɗaure na'urar a jikin injin. Ƙwanƙwasa tana da muryarta, girgiza wajen dubu 6 zuwa dubu 8 a daƙiƙa, gwargwadon faɗin silinda. Da zarar kwamfuta ta ji wannan murya sai ta jinkirta tartsatsin buji kaɗan har ƙarar ta lafa, sannan ta riƙa maido da shi sannu a hankali. Idan kuwa kwamfuta ta daina jin kunnen gaba ɗaya, a motoci da yawa sai ta ɗauki matakin kariya: ta jinkirta tartsatsin sosai ta bar shi haka, ta kunna fitila. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, mai ya ƙaru. Abin da motata take yi ke nan wata huɗu. Tana kare kanta, tana kuma gaya mini, ni kuwa na liƙe mata baki.

Ga yadda yaron ya bi abin, mataki bayan mataki. Ya fara da ido: ya cire fulogin na'urar ya duba ko akwai tsatsa ko bakin mai. Tsaf yake. Ya ɗauko mitar awon wuta. Tawa tsohuwar iri ce mai waya ɗaya, don haka ya auna tsakanin bakinta da jikinta, ya ga wuta ba ta ratsawa, kamar yadda littafin motar ya ce ya kamata. Ya gaya mini sabon iri mai waya biyu ana auna shi daban: a motocin Toyota da yawa littafi yana neman tsakanin om dubu 120 da dubu 280, kuma can lambobin P0327 da P0328 ne ke nuna ko wutar ta yi ƙasa ko ta yi sama. Ya juya mitar, ya ɗan ƙwanƙwasa jikin injin da sifana kusa da na'urar, lambobin mitar suka motsa. Ya ce, “Kunnen yana ji, Mushe.” Sai ya koma kan wayar, ya auna ta daga bakin fulogi har bakin kwamfuta. Shiru. Ya bi ta da yatsa a bayan injin har ya iso inda ɓera ya gwaguye ta. Ina ajiye motar kusa da buhunan hatsi, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ya haɗa wayar da dalma, ya gyara rigar ƙarfen da ke lulluɓe da ita don kada tartsatsin buji ya shiga ya ruɗa saƙon, ya naɗe, ya goge lambar. Muka fita bayan gari muka hau tudu. Motar ta hau da giya uku. Ya ɓare salatif da farcensa ya miƙo mini.

Bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Na tambaye shi inda ya koyi auna waya haka. Ya ce, “Ai ku kuka koya mana dokar Ohm a aji, Mushe. Sai dai a allo babu waya.”

To, jama'a, ga abin da nake ƙara a kansa.

Ƙarata ta farko a kanmu take, mu malamai. Georg Ohm ya wallafa dokarsa a 1827, mu kuma muna rubuta ta a allo, yara su kwafe, su haddace, su zubar ranar jarrabawa. Na shekara 19 ina koyar da wutar lantarki ban taɓa shigo da mita aji ba. Yaron da kansa ke aiki ta hanyar hannunsa sai muka yanke masa hukuncin daƙiƙanci, alhali abin da ya rasa waya ce da batir. Da ya same su a Maraɗi sai ga dokar Ohm ta zauna masa daram. Wa ya faɗi jarrabawar nan, shi ko ni?

Kuma ku lura da abin da garajin nan uku suka yi mini, domin shi muke yi wa yara. Yaro ya kasa karatu, sai mu canza buji: a yi masa bulala. Bai gyaru ba, sai mu canza famfo: a sauya masa makaranta. Bai gyaru ba, sai mu liƙe fitila: a ƙara masa maki ya wuce aji na gaba, kowa ya huta. Ba wanda ya zauna ya bi wayar da yatsa ya gano ko yaron ba ya gani daga nesa ne, ko ba ya ji da kyau, ko tun aji biyu haruffa suka kuɓuce masa, ko Faransancin da ake koyarwa da shi ne bai taɓa shiga kunnensa ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da 9 cikin 10 na yaran Nijar da ke gama firamare ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba. Na 2019 ya nuna an matsa gaba, amma har a lokacin mafi yawansu ba su kai ba. Wannan fitila ce da ta daɗe a kunne.

Ƙarata ta biyu a kan iyaye take. Kuna kallon garaji a matsayin juji inda ake zubar da wanda boko ya ƙi. Sai yaro ya gaza, ko ya gagara, sannan a kai shi wajen maigida a ce, “Ga shi nan, ka yi yadda ka ga dama da shi.” Wanda ya iya karatu kuwa, ko da hannunsa na ƙaiƙayin kwance rediyo tun yana ƙarami, sai a ce a'a, shi ma'aikacin gwamnati zai zama. Kujeru nawa ne a ofisoshin Tawa da Yamai? Kowa a Adar ya san amsar, domin kowane gida yana da wanda ya tafi cin rani Abijan, ko Najeriya, ko Libiya, ko Aljeriya, wasunsu da takardun makaranta a jaka. A lokaci guda kuma injinan ban ruwa na masu albasa a kwarin Tarka suna lalacewa, famfunan rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana suna tsayawa, motocin da ke ɗaukar marasa lafiya suna kwana a garaji ana canza musu kayan da lafiyarsu ƙalau. Aikin yana nan a ƙofar gida, masu yinsa da ilimi ne suka yi ƙaranci, kuma mu muka hana su fitowa.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a majalisa.

Za a ce tsofaffin makanikai ba su yi boko ba, amma sun riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru. Gaskiya ne, kuma ba na raina su. A zamanin Peugeot 504 mai kafireta da delko, maigida yakan sassauta ƙusa, ya juya delko yana saurare har ƙarar ta ɓace, ya ɗaure. Kunnensa shi ne na'urar, kuma wannan ilimi ne na gaske. Har yau shi zai bambance maka ƙwanƙwasar mai da bugun ƙarfen gindin injin, wanda yake da nauyi kuma yake bin gudun injin, da kuma ƙyas-ƙyas ɗin bawul. Amma motocin da ke shigowa yanzu ba su da delkon da za a juya. Tun 1996 Amurka ta wajabta soket ɗin nan mai ramuka 16 a kan motocin da ake sayarwa a can, Turai ta bi sahu a kan motocin fetur a 2001. Kusan duk tsohuwar motar da ake sauke mana yau da rubutu take magana. Ko waɗanda suka girme su suna magana: a tsofaffin Toyota kana haɗa ramuka biyu, TE1 da E1, da ƴar waya, ka ƙirga ƙiftawar fitila, in ta ba ka 52 to kunnen injin ne. Maigidan da ba ya karatu, ba shi kuma da yaro mai karatu a gefensa, dole ya koma canki-canka da kuɗin mutane.

Za a ce to a sayi na'urar karanta lamba, magana ta ƙare. Wannan ma kuskure ne, kuma ya fara yaɗuwa. Akwai masu cusa na'ura, su ga suna, su ce a sayo. Da na faɗa hannun irinsu da na sayi sabon kunne, a ɗaura shi a kan yankakkiyar waya, fitila ta dawo kafin in kai Buza. Wani ma zai ɗaure shi da ƙarfin tsiya, alhali kowane iri da ma'aunin ɗaurinsa a littafi, kuma in an wuce ko an gaza sai ya riƙa ji ba daidai ba. Akwai kuma lokacin da kunnen lafiya lau yake, injin ne da gaske yake ƙwanƙwasa saboda an zuba masa man da aka gauraya da kananzir daga kwalaben ƴan ruwa-ruwa, ko lagireto ya toshe. A nan in ka canza kunne ka hukunta mai shaida ka bar ɓarawo. Na'ura tana ba ka inda za ka fara ne kawai. Sauran aikin tunani ne: me zai iya jawo wannan, wanne zan fara gwadawa, me sakamakon ya kore, me ya rage. Wannan tunani shi ne kimiyya, kuma shi ne aikin da ake biyana albashi in koyar.

Za a ce babu kuɗi. Mitar da yaron nan ya yi aiki da ita ba ta kai kuɗin buji huɗun da na saya a banza ba. Kowane garaji yana da matattun na'urori da guntayen wayoyi da ake zubarwa. Ƙungiyar iyayen yara da ke iya tara kuɗin bikin ƙarshen shekara tana iya sayen mita biyar. Kuma ƙasar nan ba baƙuwar aikin hannu mai ilimi ba ce. Tun 1984 aikin raya karkara na Keita, da tallafin Italiya da FAO, ya nuna abin da mutanen Adar, musamman mata, za su iya yi da duwatsu da awo: suka jera gandun dutse a kan gangara, suka tare ruwa, suka maido da itatuwa a fako. A kwarin Maggiya ma tun 1975 aka fara dasa layukan itatuwa masu tare iska. Jikokin waɗannan mutane ne muke cewa ba su da kan kimiyya.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Malaman kimiyya, mu shigo da mita da batir da waya cikin aji, mu bar yara su auna da hannunsu. Sau ɗaya a zango mu kai su garaji, ko mu gayyato makanike ya buɗe musu injin. Daraktoci, ku daina ɓoye wa yara hanyar makarantun koyon sana'a har sai sun faɗi. Ku gaya musu tun da wuri akwai cibiyoyin CFM, akwai kwalejojin fasaha na CET, akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, akwai asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a, kuma ku faɗe su da muryar da kuke faɗin jami'a. Iyaye, in za ku kai yaro garaji ku kai shi da karatunsa. Kada ku cire shi daga lakwal kafin ya iya karanta shafi ya fahimta, ya iya lissafin goma da ɗari. Ku zaɓi maigidan da ke da mita da littafi, ku riƙa zuwa kuna tambayar me yaron ya koya, kamar yadda kuke tambayar maki. Masu garaji, ku nemi yaro mai karatu ku riƙe shi da daraja, shi ya karanta muku lamba, ku ku koya masa kunne. Masu mota kuma, duk wanda ya ce a canza wani abu ku tambaye shi me ya auna. In ya ɗauko salatif ku tayar da motarku ku tafi.

Da zan biya yaron nan ya ƙi karɓa, ya ce ba a karɓar kuɗin uba. Na matsa masa har ya karɓi jika 3. Na roƙe shi abu guda, ya kuma cika: a watan Nuwamba ya zo ajina da mitarsa da wani tsohon kunnen injin. Ya ɗora shi a kan tebur, ya ce wata yarinya ta ƙwanƙwasa da cokali, lambobi suka motsa, ajin ya kaure da ihu. Da zai tafi yara suka bi shi har bakin ƙofa suna tambaya. Guntun salatif ɗin nan kuwa yana nan na manna shi a bangon littafin da nake rubuta makin ɗalibai, ina ganinsa duk ranar da zan yanke wa ɗan wani hukunci.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu gyara tun da sauran lokaci.